Katakon da Ba a Ganin Jijiyarsa

Shekara talatin da huɗu Malam Bawa yana aikin kafinta a Boɗinga, kuma bai taɓa buga ƙusa a katakon da bai taka ba. Duwatsu biyu ne a ƙofar rumfarsa. Sai ya gitta katako a kansu, ya tuɓe takalmi, ya hau tsakiya ya girgiza sau uku. In ya lanƙwasa ya dawo, ya ci. In ya yi ƙara, mai shi ya kwashi tsiyarsa. An yi masa dariya har an gaji, amma daga Sifawa har Shagari duk mai son shimfiɗar amalanke wajensa yake zuwa.

Da ƙanensa Malami ya rasu, ya bar matarsa Uwani da yara uku da gonar albasa. Tana fita takaba mahaifinta ya aiko daga Kajiji a mayar masa da ita da jikokinsa. Bawa, wanda ko sannu sai an roƙe shi, ya tafi da kansa ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, a bar min ɗiyan Malami su girma gidan ubansu. Albasarsa tana nan. In an aje ta har damina, za ta riƙe su."

Tsohon ya ce shekara ɗaya ya ba shi. In albasa ba ta ciyar da su ba, babu sauran magana.

To, ajiyar albasa sai da rumfa mai hawa-hawa, iska na ratsa ta, ƙasa ba ta taɓa ta. Katakon maɗaci kuwa ya fi ƙarfin talaka. Ana haka wani ɗan kasuwa, Bashar, ya kawo sabon katako daga birni, na garin itace da gam, an shimfiɗa zaren rama a cikinsa don ƙarfi. Bawa ya taɓe baki, amma ya taka. Wallahi ko gezau! Ya sake hawa, ya yi tsalle da tsufansa. Ya sayi takwas.

Wajen yanka aka yi ɓarnar. Allunan masu faɗi ne, ya ga in ya yanka su a gicciye zai fitar da hawa huɗu maimakon uku. Da maɗaci ne, ko da ido ɗaya ba zai yi haka ba, don yana ganin inda jijiya ta kwanta. Wannan kuwa sumul yake kamar faranti. Zaren yana ciki, a tsaye, ba mai ganinsa. Kuma ka ji abin haushi, mutumin da ke taka katakon kowa bai taka guntayen nan ba. Ai an riga an gwada, in ji shi.

Wata biyu lafiya lau. Da ruwa ya sauka, allunan suka fara yin ciki a hankali. Wata ranar Laraba, Uwani tana gona, hawan sama ya karye ya danne na ƙasa, buhu arba'in suka zube cikin laka. Kafin a gama tsincewa wari ya kai gida na uku.

Bawa ya ɗauki guntu ɗaya ya duba bakin karayar. Ga zaren nan jere, lafiyarsa ƙalau, ko ɗaya bai tsinke ba. Tsakaninsu katakon ya rabe. Da Bashar ne ya cuce shi, da ya sami wanda zai zaga ya huce. Kayan ba su da laifi, hannunsa ne.

Bayan sati biyu babura biyu daga Kajiji suka tsaya a ƙofar gida. Uwani ta zo rumfar Bawa ta durƙusa, yaran na bayanta da ƙunshin kayansu.

"Yaya, za mu tahi. Kar ka sa wa ranka, Allah ne ya kawo. Ka yi mana ƙoƙari."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da zarto a hannu har ƙarar baburan ta ɓace.