Lomar Farko ta Kare Ce

Yau jikata ta dame ni da maganar kwikwiyo, sai tsohon nan ya faɗo mini a rai, uban mijina, can Madakiya.

Shekarar da acca ta ƙi, ɗana Bulus ya tasa mu gaba, sai an ba shi kare. Ni da ubansa muka ce a'a, bakunan gidan ma sun ishe mu. Yaro ya yi ta rantsuwa zai kula da shi. Tsoho na zaune kan turmi, rigarsa tana warin hayaƙi, ya ce, "Bar rantsuwa. Kwana bakwai, lomarka ta farko ka ajiye a kasko kamar karen ya zo."

Tuwon kuwa bai cika tafin hannu ba. Ina kallo, Bulus zai gutsura, ya ajiye. Rana ta biyar na ce, "Baba, yaron nan zai faɗi."

Ya ce, "Ke ce za ki faɗi, 'yata, ba shi ba."

Ran bakwai tsoho ya kai zakaransa kasuwa, ya dawo da kwikwiyo a buhu.

Ƙafafuna sun gaji yanzu, Baba. Ubangiji ya ba ka hutu, ya rage mini wuri kusa da kai.