Sufeton Ɗakin Masu Karaya

Duk lokacin da aka tambaye ni waɗanne littattafai ne suka sa na zama marubucin labaran kisa da bincike, nakan ɗan yi jim. Mai tambaya sunaye yake jira, ni kuwa littattafan da suka raine ni ba su da bango, balle suna. Kuma ban karanta su da idona ba. A bakin wani mai tura gadon marasa lafiya na ji su, ina kwance da karyayyiyar cinya.

A lokacin aikin wayar lantarki nake yi. Tsani ya zame da ni, na farka a ɗakin masu karaya, an rataye ƙafata a jikin ƙarfe da wani nauyi yana lilo a ƙarshenta. Dogon ɗaki ne, gadaje layi biyu suna kallon juna, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma sai ta ga dama. Wanda bai kwanta irin wannan wuri ba bai san tsawon yini ba. Ciwo yakan lafa, amma zaman banza ba ya lafawa.

Mai tura gadon nan shi ne mai kai mu ɗakin hoto ya dawo da mu. Dattijo ne gajere mai faffaɗar kafaɗa, rigar aikinsa ta koɗe amma kullum a goge. Kowa Sufeto yake ce masa, har likitoci. Da na tambayi maƙwabcin gadona, wani direban babbar mota da ya karye a ƙugu, ko tsohon ɗan sanda ne, sai ya yi dariya har ya dafe wurin ciwo.

"Bari la'asar ta yi, za ka ga aikin Sufeto."

Da Sufeto ya tashi daga aiki, maimakon ya tafi gida, sai ya jawo kujera tsakiyar ɗaki, ya zaro wani littafi da aka ɗaure da roba, ya gyara tabarau mai hannu ɗaya. Turanci ne a takardar, amma da bakinmu yake fitowa. Yakan dubi shafi, leɓɓansa na motsi, sannan ya ɗago ya ba mu labarin kamar a gabansa aka yi. Idan matar mamaci ce ke magana ya siranta murya, idan jami'in bincike ne ya haɗe gira. In ya ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinsa ba ya ɓoyewa, sai ya ce, "Nan marubucin ya yi wata magana da ni da ku duk ba mu kai ba," ya wuce.

Daga baya na ji tarihinsa. Bai wuce firamare ba, mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne. Ya yi dako, ya yi wankin mota, kafin ya samu wannan aiki. Littafin farko wani majinyaci ne ya manta da shi ƙarƙashin matashi. Ya ajiye yana jiran mai shi, bai dawo ba, sai ya fara lallaɓa shi a lokacin hutu, yana tambayar ma'aikatan jinya ma'anar kalmomi har suka fara gudunsa. Wata rana wani matashi da aka yanke wa ƙafa ya daina cin abinci, ya daina magana. Sai Sufeto ya zauna kusa da shi ya soma ba shi labarin da ke cikin littafin. Da ya tsaya, yaron ya juyo ya ce, "To, wa ya kashe shi?" Daga nan abin ya samo asali.

Yana da doka ɗaya. Idan saura babin ƙarshe, sai ya rufe littafi, ya bi mu gado gado, kowa ya faɗi wanda yake zargi da dalilinsa. Ranar hukunci ke nan, kuma nan ake yin ta. Direba kullum matar yake zargi, ko da kuwa ita aka kashe. Wani tsohon tela ya ce shi bai taɓa yarda da mutumin da marubuci ya cika yabon kirkinsa ba. Babbar Sista takan leƙo ta ce mun mai da mata ɗaki tasha, amma sai ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara abin da ba ya bukatar gyara har a gama.

Ana cikin haka aka kawo wani saurayi da ya diro daga katangar gidan mutane ya karya ƙafafu biyu. Aka sa masa ankwa a jikin gado, da wani kofur yana gadinsa. Ba mai miƙa masa ko ruwa, direba ma cewa ya yi a matsar da jakarsa. Da la'asar Sufeto ya ɗauki kujerarsa ya dasa ta daidai ƙafar gadon saurayin.

"Baba Sufeto, ka dawo tsakiya mana," in ji direba.

"Shi ba ya iya matsowa, ku kuma kunnuwanku lafiya lau."

Ya koma farkon littafin saboda baƙo, muna ta gunaguni. Saurayin ya juya fuska bango kamar ba ya ji. Sai da aka zo inda mai laifi ya buɗe taga daga waje da wuƙar aljihu, muka ji ya ce, "Ƙarya ne." Kowa ya waiga. "Irin wannan tagar ba ta buɗuwa haka. Wanda ya buɗe ta daga ciki yake."

Kofur ya ce, "To, ga malamin darasin ya yi magana." Ɗaki ya kwashe da dariya, shi ma saurayin ya murmusa. Sufeto bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, riƙe wannan magana, za mu neme ka ranar hukunci." Washegari na ga tela ya tura wa saurayin rabin lemonsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake karanta babin ƙarshe. Mu muna ɗokin a kama mugu, shi kuwa a nan muryarsa ke yin sanyi. Idan aka tona asirin mai kisan, sai ya ajiye littafin a cinya ya ce, "Allah sarki. Shi ma fa wata ce ta goya shi." Na taɓa ce masa, "Baba, kai kullum tausayin mai laifi kake ji." Ya ce, "Na tura wanda aka sara, na tura wanda ya yi saran. A kan gadon nan duk uwarsu suke kira." Har yau ba na iya rubuta mai kisa sai na san abin da yake ci da safe da wanda yake jin kunya.

Saurayin bai ga ranar hukunci ba. Ana saura babi biyu aka zo tafiya da shi. Sufeto ne ya tura shi zuwa mota, kuma mun lura tafiyar ta daɗe fiye da kima. Kofur ya gaya mana daga baya cewa a hankali Sufeto ya riƙa turawa, ya bi ta doguwar baranda, ya sunkuya yana ba shi ƙarshen labarin a kunne. Da Sufeto ya dawo muka yi masa ca, ya ce mu namu sai gobe, mu da muke da gobe a nan.

Littattafansa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma na daɗe a ɗakin har suka ƙare. Ranar da ya ce sai dai a maimaita, na ce ina da wani labari a kaina, na gawar da aka tsinta a gidan da ake sa wa waya. Ya ba ni kujerar, wato ya jawo ta kusa da gadona ya zauna a matsayin mai sauraro. Labarin bai yi kyau ba. Tela ya gano mai laifin tun ban yi nisa ba, direba ya yi barci. Sufeto ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka yi gaggawar nuna mana shi. Gobe ka sake, ka bar mu mu so shi tukuna." Na sake. Ƙafar ba ta koma daidai yadda zan hau tsani ba, sai na ci gaba da sakewa.

Sufeto ya yi ritaya da daɗewa. Yana zaune da 'yarsa ta biyu, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya, a wani gida mai ɗakuna biyu bayan tashar mota. Gwiwoyi sun gaji, ido ma ya ja baya. Na je gaishe shi kwanan baya na tarar da shi a ƙofar gida, jikoki sun kewaye shi ana shari'ar wanda ya shanye madarar jariri. Ya sa na zauna a benci, ya ce kada in sa baki, shaidu ba su gama ba.