Wayar da Sagir Yake Jira

Ina tsakar gida ina bakacen wake da hantsi, sai ga kiran Hadi tela, wanda shagonsa ke jikin na ƙanena Sagir a bakin kasuwar Tsanyawa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Allah ya yi wa Sagir rasuwa." Faifan ya suɓuce daga hannuna. Na yi ta maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un har bakina ya bushe. Abin da ya fara faɗo mini a rai kuwa Baba ne. Na ce, ya Allah, yaron nan ya tafi mahaifinmu bai ce ya yafe masa ba.

Sagir mai gyaran rediyo ne da lasifika da fitila mai caji. Daga baya ya koyi haɗa wani ɗan akwatin ƙarfe da masu kaɗa jita suke takawa da ƙafa, sai sautin ya sauya, ya yi kauri ko ya yi amsa-kuwwa. Feda yake ce masa. Ranar da na fara ji na tambaye shi ko ya koma gyaran keke ne, ya yi dariya har da riƙe ciki. Makaɗan biki daga cikin Kano suke aiko masa da aiki, direbobi suna kaiwa suna kawowa.

Duk ranar kasuwa nakan biya ta shagonsa in kai masa fura. Sau da yawa sai in tarar da shi yana zaɓen wayar da zai haɗa cikin akwatin da ita, kamar mai zaɓen irin shuka. Yakan kankare bakin wayar da reza ya ɗaga ta a rana. In ya ga fari a ciki sai ya ajiye ya ce, "Wannan jan ƙarfen ƙarya ne, Yaya, shafa mata aka yi." Yakan ɗora ƙarfen liƙi a kan robar, in ta narke ta ja baya ya jefar. Ba ya sa mai tsinke ɗaya, sai siririya mai gashi da yawa a ciki. Na taɓa ce masa ai mai tsinke ɗayan ta fi kama da mai ƙarfi. Ya ce, "Ƙarfin gani ne. Abin nan takawa za a yi ta yi, ita kuwa ba ta san lanƙwasa ba, sai karyewa." Ja ta wuta ce, baƙa ta ƙasa, fara ta sauti, ba ya taɓa haɗa su ko da sauri ake yi. Kuma ba ya barin tsawo. Yakan ce in waya ta yi tsawo sai ta kwaso surutun da ba nata ba.

Haka yake da mutane ma. Bai iya algus ba, bai iya dogon zance ba. Tsofaffin da suke kawo rediyonsu, yakan gyara ya sa musu batir ya ce su tafi kawai.

Babanmu malami ne, a zaurensa muka yi karatun allo mu da rabin ƙauyenmu. Da labarin akwatunan ya iso masa, ya kira Sagir ya ce, "Gyaran rediyo sana'a ce, na sa mata albarka. Kayan kiɗa kuwa, ba da yawuna ba." Sagir ya sunkuyar da kai, amma bai daina ba. Tun daga nan duk Juma'a zai zo ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa da "lafiya" idonsa na kan littafi. Sagir ya saya masa wayar hannu, ya sa lambarsa a farko. Baba ya karɓa yana kiran kowa da ita, ban da shi.

Makon da zai rasu zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakinsa na bayan shago. Na je na same shi ya rame, leɓɓansa sun bushe. Na ce ya tashi mu tafi gida Inna ta yi jinyarsa. Ya girgiza kai ya ce, "Bari tukuna, Yaya. Waya nake jira." Ban tambaye shi wace waya ba, don na ɗauka na gane. Daga nan zauren Baba na wuce, na faɗa masa yadda na ji. Ya ɗauki wayarsa ya juya ta a hannu ya daɗe, sannan ya mayar aljihu ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Da aka kawo gawar gida aka yi mata wanka aka suturta, sai aka ajiye makarar a tsakar gida don mu mata mu yi bankwana. Inna ta dafa kansa ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Ni ma na faɗa. Aka juya ga Baba. Yana tsaye jikin rumbu da carbi a hannu, bai motsa ba. A waje jama'a sun yi sahu, rana tana ɗagawa. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya leƙo ya ce, "Malam, liman yana jira." Baba bai ko dube shi ba. Inna ta ce, "Malam, ɗanka ne fa." Ya ci gaba da jan carbinsa.  Na san in aka ɗaga makarar nan a haka, Inna ba za ta ƙara yin barci mai daɗi ba, ni ma haka.

Sai ga Kawu ya sake shigowa da baƙar leda. Ya ce wani direba ne ya bayar, wai saƙon marigayi ne daga Kano, yana jin turare ne a sa wa gawa. Ya miƙa wa Baba. Baba ya kwance ledar. Waya ce a naɗe, ja da baƙa da fara.

 Na ce shi ke nan, yanzu zai ce ashe har yaron ya mutu hankalinsa na kan kayan kiɗa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajara, wannan ce yake jira?"

Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Yadda ya faɗa na kawo maka."

Ya daɗe yana kallon ledar. Sannan ya ce, "Ko wacce ce a cikin biyun, wannan dai ta iso. Tawa ce ba ta zo ba." Ya tako ya durƙusa gaban makarar, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya ce, "Sagiru, na yafe maka. Na yafe maka. Allah ya sa kai ma ka yafe mini." Da aka fita da shi, Baba ya ce wa liman ya bari, shi zai yi wa ɗansa salla.

Ya Allah, Sagir ya zo gare ka da yafiyar iyayensa, kai ma ka yafe masa. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi, ka sa zazzaɓin nan ya zama kankarar zunubansa. Ka sanyaya zuciyar Inna. Ka ba mu haƙurin rashinsa, mu 'yan'uwansa. Baba kuma, ya Allah, ka sassauta masa nauyin da yake ɗauke da shi, ka haɗa shi da ɗansa a Aljanna su yi hirar da ba su yi ba a nan. Amin.