Ɗari Ba Ɗaya a Gonar Tofte

Arlen Tofte yana da shekara saba'in da ɗaya lokacin da gwiwa ta hana shi hawa tarakta. Ya bar wa ƙanen matarsa noman, shi kuma ya koma neman kakanni. Kafin nan manomin alkama ne kamar kowa a Marlund, a kudancin Saskatchewan. Ya yi shuka, ya duba sama, ya yi wa sama gunaguni, ya girbe abin da ƙanƙara da fara suka rage masa. Matarsa Doreen ta ce a shekara arba'in da shida da suka yi tare ba ta taɓa jin ya yi zancen mamaci ba, sai da rayayyu suka daina nemansa a gona.

Teburin cin abinci aka fara rasawa. Arlen ya cika shi da kwalaye, da hotunan mutane masu ɗaure fuska, da wasiƙu cikin harshen Norway wanda bai iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma yana ɗaga su da hannu biyu. Suka koma cin abinci a kan cinya. Doreen ba ta yi faɗa ba. Ta dai riƙa tambayarsa kullum ko kakannin sun ƙoshi, ta kwashe kwanuka.

Cikin kakannin nan, ɗaya ne gwarzonsa: Ingvald Tofte, mahaifin mahaifinsa. Labarin da gidan ya gada shi ne Ingvald ya sauka daga jirgin ƙasa a 1905 da akwati ɗaya da saniya ɗaya, ya taka mil arba'in cikin ciyawa, ya kama fili eka ɗari da sittin, ya gina ɗaki da hannunsa, babu mai miƙa masa ƙusa. A babban sanyin shekarar da ta biyo, wanda ya kashe garke-garke, shi kaɗai ya zauna a ɗakin nan, ya shigar da saniyar ciki, ɗuminta ya raya shi. Kalmar da Arlen ya fi so a labarin ita ce "shi kaɗai". Yakan faɗe ta sau uku kafin ya kai ƙarshe.

Ɗakin ya daɗe da rushewa. Abin da ya rage wani kwari ne a ƙasa, inda ramin ajiya na ƙarƙashin ɗakin yake, kuma shingen waya da ya raba gonar Tofte da ta maƙwabcinsa Casper Fettig ya ratsa ta tsakiyarsa. Arlen ya ce mutanen gidan Fettig ne suka matso da shingen tun zamanin da. Casper ya ce ramin dankalin kakansa Wendelin ne, kuma idan akwai Tofte da ya taɓa shiga ciki, to dankali ya kai shi. Shekara hamsin suna wannan musu, kowace safiya, a teburi ɗaya na shagon gidan mai, inda tsofaffin manoma suke shan kofi. Ranar da ɗayansu bai zo ba, ɗayan ba ya gama kofinsa.

Ƙungiyar manoma ta gundumar tana ba duk gidan da ya cika shekara ɗari a kan fili ɗaya wani koren allo na ƙarfe, a kafa a bakin hanya. Daga ranar da ke kan takardar mallaka suke ƙirgawa. Arlen ya yi lissafinsa a bayan ambulan: a wancan zamani, wanda ya kama fili sai ya kwana a kansa wata shida a kowace shekara har shekara uku kafin a mallaka masa. Ingvald ya zo a 1905, saboda haka takardarsa ta 1908 ce, kuma ga 2008 ta shigo. Bai jira komai ba. Ya aika wasiƙa ga dangi ɗari da goma sha biyu, ya tsayar da Asabar ta biyu a watan Yuli. Aka kama tebura da kujeru daga coci. Doreen ta cika firji da lefse, gurasar dankalin nan mai laushi da ba a taron Tofte sai da ita. Har wata jikar ƙanen Ingvald, mai suna Solveig, ta rubuto daga Norway ta ce ta yanki tikiti.

Sai a watan Mayu magatakardan ƙungiyar ya tuna masa cewa suna buƙatar kwafin takardar. Arlen ya sa rigar zuwa coci, ya hau akori-kurarsa, ya yi tuƙin awa uku zuwa babban birni, inda ake ajiye tsofaffin takardun filaye. Matar da ke kula da ɗakin ta kawo masa fayil biyu maimakon ɗaya. Ta ce na Tofte yana ta ambaton na Fettig, don haka gara ya duba su tare. Arlen ya ce mata ba abin mamaki ba ne, ƙila ƙarar satar shinge ce.

Ba ita ba ce. Shafin farko ya nuna Ingvald da Wendelin rana ɗaya suka yi rajista, ɗaya bayan ɗaya a layi. Shafi na biyu zanen ɗaki ne, ƙafa goma sha biyu da goma sha shida, an ja layin iyaka ta tsakiyarsa. Mutanen nan biyu, ɗaya ɗan Norway ɗaya Bajamushe, babu mai jin yaren wani, katakonsu bai isa ɗaki biyu ba, sai suka haɗa suka gina ɗaya a kan iyaka. Murhu a tsakiya, gadon kowa a filinsa, don kowa ya cika sharaɗin kwana. Arlen ya cire tabarau ya goge. Ya mayar, ɗakin yana nan yadda yake.

Shafi na biyar rahoton mai duba filaye ne, wanda ya zo ba sanarwa wata safiya a watan Fabrairun 1907. Mutumin yana da kyakkyawan rubutu, kuma da alama ya ji daɗin aikinsa a ranar. Ga abin da ya rubuta: "Na tarar da Tofte da Fettig a gado ɗaya, baya da baya, a ɓangaren Fettig. Sun nuna mini da hannu cewa tun Nuwamba haka suke. A ɓangaren Tofte na tarar da saniya. Ta cika dukkan sharuɗɗan zama, sai dai ba ta nemi fili ba." A ƙasa ya soke wa Ingvald wannan sanyin gaba ɗaya daga lissafin kwanansa a filin. Takardar mallakar Wendelin Fettig ta fito a 1908. Ta Ingvald Tofte sai 1909.

Arlen ya tuƙo gida bai kunna rediyo ba. Ya ajiye kwafin a gaban Doreen, ya tsaya yana kallon taga. Ta karanta a hankali, ta kai wurin saniyar, ta tashi ta shiga ɗakin wanki ta rufe ƙofa. Injin wanki bai isa ya rufe dariyarta ba.

Kwana huɗu yana neman mafita. Ya buga wa magatakarda waya ya tambaya, wai don wani abokinsa, ko ana iya ƙirgawa daga ranar zuwa. Magatakarda ya ce a gaishe da abokin, amma takardar mallaka ce. Ya yi tunanin fasa taron, Doreen ta buɗe masa firji ta ce ya fara ci tun yanzu. Ya kawo hujjar cewa saniyar dukiyar gidan ce, don haka gidan bai taɓa barin filin ba. Doreen ta ce ta yarda, a nemo sunan saniyar a rubuta a allon. Abin da ya fi cin ransa shi ne Casper bai san komai ba. Mutumin bai taɓa tambayar yaushe aka haifi kakansa ba, hotunan gidansu ma suna cikin bokitin fenti a gareji. Idan Arlen ya yi shiru, shekarar za ta wuce, badi shi ya karɓi allonsa, babu wanda zai ji. Amma dangi ɗari da wani abu suna tafe a Yuli, kuma dole ya tsaya gabansu ya faɗi wani abu.

Kwana huɗun nan bai je shan kofi ba. A rana ta biyar Casper ya zo da kansa, ya tsayar da mota a tsakar gida, bai sauko ba, ya leƙo ta taga.

"Ɗan Norway, an ce ka mutu. Na zo in ga ko za a sayar da taraktar."

"Sauko, Bajamushe. Akwai abin da zan nuna maka, kuma ba don komai zan yi ba sai don Doreen ta riga ta gani."

Casper ya karanta a tsaye, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Arlen ya jira dariyar, ya shirya mata. Casper ya gama, ya koma farko, ya sake karantawa. Sannan ya zauna a kan wani kwali na kakannin Tofte, ya ce tun yana yaro kakarsa tana ba su labarin wani baƙo da Wendelin ya ɗauka a babban sanyi, mai minshari kamar injin sussuka, mai ƙafa kamar ƙanƙara. Su duk sun ɗauka wani matafiyi ne da ya ɓace.

"Ashe kai ne," in ji shi.

"Kakana ne. Kuma rabin katakon nasa ne, yana shafi na biyu."

"Rabin katakon saniya ta zauna a ciki."

Arlen ya haɗiye wannan. Ya gaya masa sauran: gonar Fettig ce ta cika ɗari bana, allon nasa ne, in ya kai wa ƙungiyar wannan kwafin kafin ƙarshen wata. Casper ya daɗe yana juya takardar. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa biyu suna can Calgary, sai Kirsimeti suke zuwa. Ya ce allo sai da taro, shi kuwa in ya kira taro, shi da karensa ne, karen ma in bai ga zomo ba. Doreen, wadda take tsaye a bakin ƙofar kicin da butar kofi, ta ce ita dai ta san wani mutum mai taro babu allo. Ta zuba musu ta koma.

Cinikin ya ci yinin. Casper ya kafe a kan cewa a gonarsa za a jera teburan, tunda ita ce mai shekara ɗari. Arlen ya kafe a kan shi zai yi jawabi, kuma shi zai zaɓi abin da za a karanta daga fayil. Casper ya ce ya yarda, in dai shafi na biyar yana ciki. Arlen ya ce zai karanta shi amma ban da layin ƙarshe. Casper ya ce layin ƙarshe shi da kansa zai karanta, ya riga ya haddace. A kan ramin kuwa ba su daidaita ba, sai dai sun yarda a yanke wayar a wurin, na yini ɗaya, don mutane su wuce.

Mutum casa'in da huɗu suka zo, duk Tofte, ban da Casper da 'yarsa ɗaya da Doreen ta kira a ɓoye. Aka jera teburan a gefen Casper, kusa da ramin. Iska ta kwashe mayafan tebur sau biyu har aka danne su da duwatsu. Arlen ya tashi ya yi jawabinsa. Ya ba da labarin akwatin, da tafiyar mil arba'in, da sanyin. Da ya zo inda ya saba cewa "shi kaɗai" sai ya tsaya, ya sha ruwa, ya ce su biyu ne, ba su taɓa fahimtar kalma ɗaya daga bakin juna ba, kuma an ce ba su taɓa yin faɗa ba. Casper ya ce daga kujerarsa wannan shi ne kuskuren da jikoki suka gyara. Sannan ya miƙe ya karanta layinsa, aka yi dariya har wata gwaggo daga Regina ta nemi a bubbuga mata baya.

Arlen ne da kansa ya buga ƙusoshin allon a bakin hanyar gidan Fettig, dangin Tofte suka jeru a ƙarƙashinsa aka ɗauki hoto. Bayan an watse wurin abinci, Solveig ta sami Arlen. Ta zo da wata ƙaramar kwalba tun daga Norway, tana so ta ɗebi ƙasar filin Ingvald ta kai wa mahaifiyarta. Ta tambaye shi da ladabi wane ɓangaren ne nasu.

Arlen ya juya ya duba. Tun safe yake gefen Casper, bai waiwaya ba. Ya ɗaga hannu ya nuna mata.

"Can ne, 'yar uwa. Inda aka ajiye motoci."

Ya karɓi kwalbar, ya riƙe mata hannu, suka bi ta inda aka yanke wayar, suna neman tsakanin motocin inda taya ba ta taka ba.