Ajamin Kawu a Littattafan Gem

Warin takardar da ta sha damshi ne ya tarbe ni ranar da na buɗe adakar kakata, bayan ruwan sama ya rusa bangon ɗakinta a gidanmu na Durba. Tun rasuwarta ba wanda ya taɓa adakar. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwanta na same su, ɗaure da tsumma: ƙananan littattafan bayanin wasan gem guda goma sha huɗu.

Bari in faɗa maka yadda suka shigo gidan manoma. A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, ni da yayana. Kawunmu, autanta, direban motar haya ne tsakanin Kibiya da Rano da Kano. Wata shekara, bayan an gama cirar gyaɗa, ya dawo da kwali daga wurin 'yan gwanjo. A ciki akwai na'urar gem mai hannu biyu da kaset-kaset, kowanne da ɗan littafinsa. Ba wuta a garin, don haka batirin mota yake cirowa ya haɗa da wata ƙaramar talabijin mara kala a zaure. Da an idar da la'asar sai mu baje a tabarma, hannuwanmu duk ƙanshin gasasshiyar gyaɗa, kowa na jiran layinsa.

Rubutun littattafan ba boko ba ne, ba Larabci ba. Malamin firamarenmu ma ya jujjuya ɗaya ya miƙo mana abinmu. Kawu kuwa, da iyakarsa makarantar allo, bai haƙura ba. Zanen da ke cikinsu yake ƙura wa ido, ya gwada a na'ura, in ya gano abu ya rubuta da ajami a gefen shafi da biro. Akwai wani rami a cikin gem ɗin da muka shafe wata guda muna faɗawa, sai da ya gano mana hanyarsa.

Kaka ba ta son abin ko kaɗan, tana cewa ƙararsa kamar kukan kwaɗi. Amma ranar da ta ga littafi ɗaya yashe a ƙasa, ta sunkuya ta ɗauka ta karkaɗe, ta ce, "Abin da aka yi wa rubutu ba a taka shi." Tun daga nan, duk wanda muka yar, ita ke tsincewa. Na'urar ta mutu, kaset-kaset suka watse, ban ƙara tuna littattafan ba.

Da yayana ya gan su a hannuna, ya ce, "Zuba su a murhu kawai, gara ta riga ki." Na ƙi. Ina da shagon buga takardu a Rano, da sikana mai ɗaukar hoton shafi ta sa a kwamfuta. Can na kai su.

Na farko na yi masa gaggawa. Shafukan sun manne, na ja, sai layi guda na rubutun Kawu ya ɓare ya zama gari a yatsuna. Daga ranar na sake salo. Sai na shanya su a inuwa, in bi shafi da gashin kaza a hankali har ya saki. Tawadar biron ta dushe, wani shafin sai na ɗauka sau uku kafin ya fito. In an ɗauke wuta in jira. Mako uku, littafi huɗu.

Sai ga wata matsalar: Kawu ba ya sa wasali, ajaminsa shi kaɗai ke iya karanta shi, ga shi yanar ido ta raba shi da tuƙi. Na ɗauki kwamfutar na same shi a Kibiya, na faɗaɗa shafi har kowane baƙi ya kai tafin hannu. Ya matso da fuskarsa dab da allon, sannan ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kada ka yi tsalle sai gadar ta dawo," ya karanta. "Ramin nan ya ba mu wuya, 'yata."

Yana karantawa ina bugawa da boko, har muka iso shafin da na yaga. Na ce, "Kawu, nan laifina ne." Ya sa na maimaita masa layin sama da na ƙasa, ya rufe ido ya daɗe yana lalube. Daga baya ya girgiza kai.

"Wannan ya tafi. Buɗe na gaba, kada sauran su bi shi."

Yau 'ya'yana a waya suke gem. In sun maƙale sai su kalli wani a bidiyo ya nuna musu, ba takarda, ba gefen shafin da babba zai bar wa yaro rubutunsa. Ban ga laifinsu ba, zamaninsu ne. Ni dai littafi goma suka rage mini, idon Kawu kuma kullum ƙara dushewa yake. Shi ya sa duk Asabar, komai yawan aiki, da hantsi nake rufe shago in hau motar Kibiya.