Tsohon da ya sare gawonsa

Iliyasu, wanda ya gama karatun aikin gona bana, yana tsaye a ƙofar biron proje, wato ofishin shirin noma, a Tasawa, ana tsakiyar fari. Idonsa na kan wani tsoho da bai sani ba. Dogo ne, rigarsa ta koɗe, ƙafafunsa sun yi furu-furu da rairayi. Da gani, daga wajen Hawandawaki ya tako. Yana riƙe da ƙwarya, a cikinta tsiron gero ne da ƙasarsa, ganyen ya yi fari fat, bakinsa ya nannaɗe. Ya cire malafarsa ya rufa wa tsiron, ya bar furfurarsa cikin rana.

Iliyasu ya san wannan ƙuna. A makaranta an koya masu cewa cikin hasken rana akwai wani wanda ido ba ya gani, mai cin ɗanyen ganye inda babu inuwa. Yana zaton tsohon na cikin waɗanda aka sa suka share itatuwan gonarsu tas saboda garmar shanu.

"Baba, darakta ba ya nan," in ji sojan da ke gadi. "In ƙara ka kawo, je ka kai ƙarar rana."

Tsohon bai ɗaga murya ba.

"Rana ba ta yi mani alkawari ba, ɗana. Ku kuka ce in sare gawon da ubana ya bari, zan ga gero. Na sare. To, ga geron na kawo maku."