Kibiyar Siminti a Gonar Baba

A gonarmu ta tudu, tsakanin Maradun da gulbi, akwai wata kibiya ta siminti kwance a ƙasa, tsawonta ya kai taku ashirin, bakinta na duban Sakkwato. Lokacin yaƙin Bama Turawa suka sa aka zuba ta, Baba yana saurayi, don matuƙan jiragen sama su gane hanya. A gefenta aka share dogon fili aka daɓe da marmara, ko da wani jirgi zai matsu ya sauka. Su Baba suka sare itatuwan, suka yi dakon tsakuwa a ka. Sau ɗaya tak jirgi ya sauka, aka kwana biyu ana gyaransa, ya tashi.

Filin bai taɓa yin gero ba. Duk da haka, kowace shekara bayan girbi Baba zai dama farar ƙasa ya shafe kibiyar, ba wanda ya sa shi.

Ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara aka fara aikin dam. Baba ya aiko in zo, masu awon ƙasa sun iso ƙauyenmu. Na tarar ya sa rigarsa ta Juma'a, yana tsaye a kan kibiyar, masu awon na gabansa. Bayan doguwar gaisuwa ya dube ni.

"Malam, gaya musu wanga wuri na gwamnati na. Ba su sakam mashi ruwa."

Na gaya wa shugabansu, wani matashi mai ladabi. Ya buɗe taswirarsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, ka yi haƙuri, babu shi a nan. Jirage ma sun daina bin alamar ƙasa, da rediyo suke tafiya."

"To, ni wa ni ka yi wa fenti?"

Shugaban ya naɗe taswirarsa. Suka kafa turakunsu masu jan kai suka wuce gonar gaba.

Na rubuta takarda har uku zuwa ofis, Baba na dangwala yatsa. Ba amsa. Aka kwashe mu a tifa zuwa sabon matsuguni, kan wani fako mai duwatsu, rijiyarsa sai an wuni ana jira. Da ruwa ya taru, ya cinye gonar, da kibiyar, da maƙabartar da mahaifiyata take.

Baba ya shuka gero a sabon wurin damina biyu, bai kai gwiwa ba ya ƙone. A ta uku bai fita ba. Ƙannena suka tafi ƙwadago gonakin shinkafa wajen Bakura, ba su dawo da zama ba. Da ya rasu, sai da muka karya diga biyu kafin kabarinsa ya haƙu. Na sa wa ɗakinsa kwaɗo, na hau babur na koma makaranta.